Tukunyar dare tsakanin asibiti da gida

Aikin jinya ba ya duba lokacin girki. Wata rana da safe nake fita in dawo bayan azahar. Wata rana sai bayan azahar zan fita, ba zan shigo gida ba sai an idar da sallar isha'i. In kuwa makon kwana ne, da dare nake barin gida, sai hantsi in dawo idona jawur. Haka nake yi a wani asibitin gwamnati a nan Kano tun kafin in haifi ɗana na biyu, ga shi yanzu yarana huɗu, mata biyu maza biyu. Abbansu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana fita da safe, ba ya shigowa sai gab da magariba ko bayanta.

A gida irin namu, da safe kowa sauri yake yi. Da rana yara suna dawowa daga boko su ci abin da suka samu a tsaitsaye, su sauya kaya su wuce Islamiyya. Abbansu a kasuwa yake cin na rana. Abincin dare ne kaɗai yake tara mu wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauke shi da muhimmanci fiye da yadda wasu za su zata.

Na taso a wani ƙauye kusa da Kura, a babban gida. Mata biyar ne suke karɓar girki, ga mu 'yan mata muna surfe da tankaɗe da ɗiban ruwa, ga tsofaffi suna zaune suna tsinkar ganye da gyaran wake. Ban taɓa ganin mace ɗaya ta ɗauki girki daga farko har ƙarshe ita kaɗai ba. Da na yi aure na shigo birni, na tare a gidan haya mai ɗaki biyu, sai duk wannan aikin da ake rabawa ya tattaru a kaina, ga kuma aikin gwamnati a gefe. Idan na ji ana cewa matan yanzu ragwaye ne, ba sa iya abin da iyayensu suka yi, raina yana ɓaci. Iyayenmu sun yi aiki, Allah ya saka musu da alheri, amma ba su yi shi su kaɗai ba, kuma ba su tsaya a kan ƙafafunsu a ɗakin marasa lafiya tun azahar har dare kafin su zo su hura wuta ba.

Shekarun da yara suke ƙanana su ne mafi wuya. Sai in sauko daga adaidaita sahu da dare, mai injin markaɗe ya rufe, an ɗauke wuta, in kunna fitilar waya in fara yanka albasa. Kafin abinci ya nuna yaran sun ɓingire a kan tabarma. In tashe su, su ci loma biyu ido a rufe, su koma barci. Wasu ranakun shayi da burodi ne, wasu ranakun taliyar leda, wasu kuma a aika a sayo awara a bakin layi. Ɗana na biyu ya rame a lokacin har wuyansa ya fito. Abin ya riƙa cina a rai, domin a wurin aiki ni ce nake zaunar da iyaye mata ranar awo ina yi musu bayanin abincin da ke gina jikin yaro.

Sauyin ya zo ne a shekarar 2020. Uwar mijina, Hajiya, ta zo daga gida don a duba mata hawan jini, sai aka sa dokar kulle ta korona a Kano a watan Afrilu, aka rufe hanyoyi, ga azumi ya shigo. Ta zauna tare da mu. Mu ma'aikatan lafiya ba mu huta ba, kullum muna fita, kasuwa kuwa sai wasu ranaku a mako ake buɗewa. Hajiya ba mai yawan magana ba ce. Ta zuba mini ido na ɗan lokaci, sannan wata rana bayan shan ruwa ta kira ni.

"'Yar nan, zo ki zauna. Na ga ke sai rana ta faɗi kike fara neman abin miya. Mu da muka yi noma muka yi surfe, ai ba da yamma muke fara tuwon dare ba. Gobe in an buɗe kasuwa, ki ce wa mijinki ya sayo mini abin da zan lissafa."

Na ce, "To, Hajiya."

Abin da ta lissafa ba komai ba ne mai tsada: daddawa, busasshen barkono, citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, bandar kifi, kuka, busasshiyar kuɓewa, gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta shanya daddawar a rana har ta bushe ƙayau. Ta zauna ta ɓare kifin, ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya da yatsunta, ta kakkaɓe yashin da ke cikinsa. Sannan ta sa babbar 'yata ta jawo turmi. Aka fara daka barkono da citta da masoro, aka zuba daddawa, kifin ya shiga a ƙarshe don kada ya danƙare. Ana dakawa tana tankaɗewa, tana mayar da tsakin cikin turmi, har komai ya koma gari. Ta zuba a kwalba mai murfi ta ce wannan na miya ne, kada a sa masa jiƙaƙƙen cokali. Ta daka wani daban da ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri, ta ce wannan yaji ne na ci. Kuka ta tankaɗe ta da rariya mai laushi, kuɓewa ta daka ta, gyaɗa ta soya aka kai niƙa.

Washegari ta nuna mini amfaninsu. Ta ɗora ruwa, ta jefa ɗan surfaffen wake da ta ɓarza, ta yanka albasa, ta zuba cokali biyu na wannan dakan da ɗan manja. Da waken ya narke, ta rage wuta, ta ɗauki maburgi a hannun dama, hagu kuma tana barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan tana kaɗawa, ba gudaji ko ɗaya. Kafin tuwo ya gama sulala miya ta haɗu, ƙamshin daddawa ya cika tsakar gida. Na sha miyar kuka tun ina yarinya, amma ranar ce na gane cewa wahalarta duk a daka take, kuma dakan ba dole ne a yi shi ranar da za a sha miyar ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bayan an buɗe hanya Hajiya ta koma gida, ni kuma na ɗora a kan abin da ta bari, na ƙara nawa gwargwadon yadda aikina yake.

Ranar da ba ni da aiki a mako, ita ce ranar kayan miya. Idan da hali nakan je kasuwar Yankaba da sassafe, inda ake sauke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, domin abin da za ka saya a can da kuɗi kaɗan ya fi na mai tebur a unguwa nesa ba kusa ba. In dawo a wanke, a kai markaɗe gaba ɗaya. Sai in zuba a babbar tukunya in bar shi ya yi ta tafasa ba murfi har ruwan ya ƙone, tsamin ya fita, ya yi kauri. Rabi in soya shi da mai sosai har man ya taso sama ya rufe shi, rabi in bar shi haka. Wutar lantarki a unguwarmu ba abin dogaro ba ce, don haka ban jingina da firij ba. In akwai wuta in saka, in babu kuma kowace safiya da kowane dare sai an ɗumama shi ya tafasa. A nan ba na wasa, domin na ga yaran da aka kawo mana da gudawa da amai saboda abincin da ya kwana ba a kula da shi ba. Duk abin da warinsa ya sauya, zubar da shi nake yi ko da raina yana ƙuna.

Wannan soyayyen kayan miyan shi ne rabin girkina. A zuba ruwa da shinkafa da ɗan kifi, ya zama dafa-duka. A sa masa alayyahu da niƙaƙƙiyar gyaɗa da kabewa, ya zama miyar taushe. A yanka dankalin Hausa ko doya a ciki, ya zama fate.

Na kuma koyi cewa kowane abinci da irin haƙurinsa. Ranar da nake aikin yamma, kafin azahar nake gama girkin dare in zuba a kula, don haka sai abin da zai iya jira. Tuwo yana jira, na masara ne ko na dawa ko na shinkafa. In an malmala shi aka rufe da kyau, har isha'i da ɗuminsa, abin da ya rage kuma ya zama ɗumame da safe. Garau-garau ma yana jira: shinkafa da wake a kula, mai da yaji a gefe, a yanka tumatir da albasa da latas lokacin ci. Dambu yana jira. Taliya kuwa ba ta jira, kafin dare ta kumbura ta caɓe yara su ƙi ci, don haka ta zama abincin ranar da nake gida.

Ranar da na dawo a gajiye liƙis, ba komai a kula, ɗanwake ne yake fitar da ni. Garinsa a haɗe yake a bokiti mai murfi, wake da rogo da aka niƙa tare. In ɗebo, in zuba kuka kaɗan, in kwaɓa da ruwan kanwa har ya yi danƙo yana bin hannu. Ruwa na tafasa a tukunya, in riƙa gutsurowa da yatsu ina jefawa. Da farko duk su nutse, can sai su fara tasowa ɗaya bayan ɗaya suna juyawa a saman ruwa, kumfa na neman zubowa in yayyafa ruwan sanyi. In bar su su ƙara tafasa kaɗan don cikin ya nuna, sannan in tsame cikin ruwan sanyi. Kafin nan babbar 'yata ta soya man gyaɗa da albasa, ƙaninta ya dafa ƙwai in akwai, a yanka kabeji. Daga ajiye jakata zuwa zaman ci bai fi tsakanin magariba da isha'i ba. Kanwar dai kaɗan nake sawa, a ɗanwake ko a wake, don yawanta ba alheri ba ne ga ciki.

Faten tsaki ma haka yake da sauƙi, ga shi yara suna sonsa lokacin sanyi. Tsakin masara, yakuwa ko rama, gyaɗa, albasa mai lawashi da cokali ɗaya na dakan Hajiya, shi ke nan.

Shekarar 2023 ta gwada kowa. A farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, kuɗinka na banki amma ba ka da abin ba mai kayan miya. A watannin nan kwalaben daka da busasshen kayan miya ne suka rufa mana asiri, domin akwai ranakun da ko sisi ba mu kashe a cefane ba, kuma an ci an ƙoshi. Sannan ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin adaidaita ya ninka, komai na kasuwa ya bi. Zuwa farkon 2024 har mata masu yin gurasa a Kano sun fito zanga-zanga kan tsadar fulawa, mutane kuma suka koma sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da ba a kallonta. Kilon gas ya haura naira dubu. Albashina da cinikin Abbansu ba su tashi tare da kayan ba.

Dole tukunya ta sauya. Nama ya koma na ranar Juma'a, sauran ranaku kuma wake ne da awara da bandar kifi da gyaɗa, wani lokaci ƙashi don romo. Ban ji kunyar wannan ba, kuma ina gaya wa matan da ke zuwa awo kada su ji. Hatsi da wake in suka haɗu a kwano ɗaya suna gina jiki, ganye kuma yana ba da abin da shinkafa fara ba ta da shi. Yaron da ya ci tuwon dawa da miyar kuka mai wake da kifi bai yi asarar komai ba. Wake da tuwo, masu cin wuta, na mayar da su kan kurfoti da gawayi, gas ya zama na miya da ruwan shayi. Wake tun dare nake jiƙa shi don ya yi saurin nuna. Ni da abokan aikina muka shiga adashi, lokacin kaka in an ɗauka sai a wakilta mutum ya je kasuwar Dawanau ya sayo mana masara da dawa da wake buhu-buhu, mu raba da kwano. A bayan ɗaki na cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki na shuka yakuwa da alayyahu, ga bishiyar zogale a jikin katanga da ruwan wanke-wanke yake shayar da ita. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya sha zama abincin darenmu lokacin zafi, a bi shi da kunu.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan dabarun tasiri, kuma shi ne ya jawo mini magana: na shigar da 'ya'yana maza ɗakin girki. Babbar 'yata ta fara taimaka mini tun tana ƙarama, har na lura aikin yana neman cinye lokacin karatunta, alhali ƙannenta maza suna waje suna ƙwallo. Sai na raba. Babban namijin ya fara da hura gawayi da kai markaɗe, daga nan yankan albasa, daga nan dafa shinkafa. Ranar da wata 'yar uwar Abbansu ta zo ta tarar da shi riƙe da muciya yana tuƙa tuwo, ta riƙe baki.

"Maman yara, me zan gani haka? Namiji da muciya? Ai sai ki lalata shi."

Ban ce komai ba don girmanta. Da dare ta kai maganar wurin Abbansu, ina daga ɗaki ina ji. Ya ce mata, "Yaya, mai shayin da ke ba ni karin kumallo a kasuwa namiji ne, mai tsire namiji ne. Kuma Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana taya iyalinsa aiki. In uwarsa tana asibiti tana duba 'ya'yan wasu, shi ya zauna da yunwa yana jiran yayarsa?" Daga ranar ba a sake tayar da maganar ba. Shi kansa Abbansu ba ya girki, amma ya ɗauke mini sayen hatsi da gawayi da cika gas, kuma daren da ba na nan shi yake zuba wa yara abinci ya zauna har kowa ya gama. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Yanzu yaron nan ya fi ni iya talge. Yana da haƙurin tsayawa ya bar ruɗen ya dahu sosai kafin ya zuba gari, shi ya sa tuwonsa ba ya warin ɗanye, ba ya saki.

A gidan da na taso, maigida shi kaɗai yake cin abincinsa a zaure ko a turaka. Mu a nan tabarma ɗaya muke shimfiɗawa a tsakar gida, faranti biyu, shi da maza, ni da mata, waya kuma a ɗaki. A wannan zaman ne na ji ƙaramar 'yata tana cewa ita kullum sai ta kwafi rubutun ƙawarta don ba ta ganin allo. Aka je aka auna idonta aka ba ta tabarau. A nan ne nake gane wanda zazzaɓi yake shirin kamawa tun kafin jikinsa ya yi zafi, domin autana in ya fara juya loma a hannu bai kai baki ba, na san gobe sai an yi gwajin maleriya. A nan Abbansu yake ba su labarin baƙin da ke zuwa Kwari sayen atamfa da shadda daga Nijar da Chadi da Kamaru, su kuma su kawo ƙarar juna a yi sulhu kafin a wanke hannu. Makon da nake kwana a asibiti, abin da ya fi yi mini ciwo shi ne in tashi daga wannan zaman ban gama jin labarin kowa ba.

Tun zaman Hajiya da mu na rage gishiri da magi a girkina saboda hawan jininta, ban kuma mayar ba bayan ta tafi. Daddawa da albasa da tafarnuwa da kifi suna ba miya ɗanɗanon da ake nema. A wurin aiki ina ganin yadda hawan jini yake kwantar da mutanen da ba su tsufa ba, don haka gara harshen yarana ya saba tun yanzu.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Akwai ranar da za a kawo mara lafiya a rikice daidai lokacin tashi, ba yadda za a yi in tafi, in kira gida in ce a jiƙa garin kwaki a sha da ƙuli-ƙuli. Akwai ƙarshen watan da buhu yake komawa ƙasa albashi bai shigo ba. Abin da har yanzu yake ba ni wahala shi ne tumatir da damina. Da sanyi, lokacin da noman rani na Kadawa da Kura ya nuna, kwando yana arha har wani yana ruɓewa a kasuwa. Da ruwa ya sauka kuwa sai ya zama sai mai hali, kuma duk wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, ya san yadda abin yake iya kaiwa. Kauɗar kasuwa sau da yawa a ƙasa ake shanya ta, sai ka wanke ka wanke yashi bai fita ba. Don haka ni da maƙwabciyata mun yi shawarar in Allah ya kai mu sanyi mai zuwa za mu haɗa kuɗi mu sayi kwanduna a Yankaba, mu yanka da kanmu, mu shanya a kan tabarma mai tsabta a saman rufinta inda awaki ba sa kaiwa, har da tattasai da kuɓewa. Ita za ta riƙa juyawa da rana tunda tana gida, ni da yarana kuma yankan da kwashewa da yamma namu ne.